Yadda ake tsara kakar tseren babur na zagaye da renon ƙananan mahaya a Zariya

Tseren babur na zagaye, wanda ake kira sifidwe, mahaya huɗu ne ke yin sa a lokaci guda, zagaye huɗu a kan fili mai siffar ƙwai, kullum kwana ta hagu. Na ɗaya maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Tsere guda bai cika wuce minti ɗaya ba. Baburin manya injinsa 500cc ne mai fistin ɗaya, giyarsa ɗaya, ba shi da birki ko kaɗan, kuma sinadarin metanol yake sha maimakon fetur. Dokar hukumar tseren babur ta duniya, FIM, ita ce kada nauyinsa ya gaza kilo 77. Mahayi yana rage gudu ne ta hanyar sassauta totur da karkatar da babur har tayar baya ta zame gefe. Wasan ya bunƙasa a Ostareliya wajen 1923, ya shiga Ingila a 1928, aka yi gasar duniya ta farko a Wembley a 1936. Yau ƙasar Foland ce cibiyarsa.

Kulob ɗin da zai fara a Zariya ba da irin wancan babur zai fara ba. Injunan Jawa na ƙasar Cek da GM na Italiya sai an yi odarsu, kayan gyaransu ma haka, ga metanol guba ne da ke makantarwa, kuma wutarsa ba ta cika ganuwa da rana ba. Da baburan fetur ƙanana za a fara, a ƙaramin fili, a koyar da zamiya. Abu biyu ne ke riƙe kaka irin wannan: ruwan da za a jiƙa fili da shi, da haƙurin da zai hana a ɗora yaro kan injin da ya fi ƙarfinsa.

Kalandar kaka

Damina ba ta tsere ba ce. Daga Yuni zuwa Satumba jan ƙasa takan zama taɓo, kuma filayen bayan gari, ko ta wajen Shika ne ko Basawa ko hanyar Jos, galibi gonaki ne. Saboda haka duk yarjejeniyar da za ku yi da mai fili ku rubuta ta, a faɗi ranar karɓa da ranar mayarwa, mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida.

Aikin fili a Oktoba ake yin sa, da ɗaukewar ruwa, tun ƙasa tana da danshi. Wanda ya bari har Disamba zai tarar ta ƙeƙashe, sai ya sayi tanka biyu ko uku kafin gireda ta iya yankarta. Nuwamba gaba ɗaya horo ne, babu maki, babu 'yan kallo. Gasa ta fara a Disamba, duk bayan mako biyu, makon tsakiya na horo da gyara. Karo shida sun isa kaka guda. Ku rufe kafin tsakiyar Maris, don zafin bazara yakan kusan kai 40 a ma'auni, kuma yaro cikin hular kwano da riga mai kauri ba zai ce ya galabaita ba sai dai a ga ya fara kuskure.

Kafin ku sa ranaku, ku ɗora kalandar Musulunci a kan ta boko. Azumi yana matsowa baya da kwana 10 zuwa 11 duk shekara, kuma a 'yan shekarun nan cikin kakar yake faɗowa. Ba a gasa da azumi, ba a yi a makon sallah, lokacin da hankalin gari ke kan hawan Sarki. Idan azumi ya ci karo biyu, a yi huɗu a haƙura. Kada a matse su mako-mako. Ku kauce wa makon jarrabawar ƙarshen zango kuma. Ranar Asabar da safe yawancin yara suna Islamiyya, don haka lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan La'asar zuwa kafin Magariba. Awa biyu ke nan ko ƙasa da haka, kuma duk tsarin yini sai ya shiga cikinsu. Ku ware Asabar ɗaya babu komai a ƙarshen Janairu, saboda ranar da hazon hunturu zai rufe har ba a hango ƙarshen miƙaƙƙiya. Irin wannan rana ɗage gasa ake yi.

Takardu ba su da yawa: rajistar ƙungiya a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, wasiƙar sanarwa ga ofishin 'yan sanda na yankin tare da jerin ranaku, da takardar amincewar uba ko waliyyi ga kowane yaro, ɗauke da rukunin jininsa da bayanin ko yana da asma, sikila ko farfaɗiya. Yaron da bai kai 18 ba ba shi da lasin hawa titi, don haka a akori-kura ake kai babura fili a dawo da su.

Fili

Filin manya a dokar FIM tsawonsa mita 260 zuwa 425 ne, faɗinsa akalla mita 10 a miƙaƙƙiya, 14 a kwana. Na yara ba ya buƙatar haka. Ku ja miƙaƙƙiya biyu, kowace mita 35. A kowane ƙarshe ku kafa turke, ku ɗaura igiya mai mita 12 ku zana rabin da'ira, wannan shi ne bakin ciki. Ku ƙara igiyar ta kai mita 22 ku zana bakin waje. Faɗin miƙaƙƙiya mita 8. Tsawon zagaye, idan aka auna mita ɗaya daga bakin ciki kamar yadda ake yi, zai kama wajen mita 152. Da sararin tsira a gefe, kuna buƙatar fili kamar mita 100 da 65. Miƙaƙƙiyar ta kalli kudu da arewa, don kada ranar yamma ta shiga idon yara.

A tsince duwatsu da kututturen dawa da hannu, a baje, a daddage. Ƙasan ya zama mai tauri, saman kuma a bar santimita 2 zuwa 3 na sako-sakon ƙasa. Marmara zalla tsakuwarta takan yi tsalle ta fasa baki, sai an tankaɗe ta a cire duk abin da ya fi ƙwayar gyaɗa. Yashi zalla yana cinye tayar gaba ya kayar. Jan ƙasa zalla kuma, in ta sha ruwa santsi, in ta bushe siminti. Haɗin da za a fara gwadawa shi ne kashi biyu na jan ƙasa da kashi ɗaya na yashi mai laushi, sannan a gyara bisa abin da taya ta nuna. Kwana ta ɗan tashi ta waje, ko da santimita 30 ne, ruwa ya riƙa gangarowa ciki zuwa lambatu.

Yanzu lissafin ruwa. Shimfiɗar wannan fili ta kai murabba'in mita 1,600. Jiƙon daren jajibiri, lita 6 a kowane murabba'i, ya kama lita 10,000, wato tanka guda. Ranar gasa kuma ana yayyafi bayan kowane tsere uku ko huɗu, lita ɗaya da rabi a murabba'i, wajen lita 2,400 kowane karo. Kurar ɗan garuwa mai jarka 10 lita 250 ce kawai, kun ga ba aikin kura ba ne. Fili kusa da rijiyar burtsatse ko inda tanka ke iya ɗebowa daga kogin Kubanni ko na Galma ya fi fili mai kyau da ke nesa da ruwa. Amfanin jiƙon dare shi ne ruwan ya ratsa ƙasa. Idan aka kwarara shi ana saura rabin awa a fara, sama ta yi santsi, ƙasa na nan a bushe, tsere biyu kawai taya ta kwashe jiƙaƙƙen ta bar ƙura. Gwajin mai sauƙi ne: damƙi ƙasar a hannu. In ta dunƙule, ka taɓa ta da yatsa ta wargaje, ta yi daidai. In ta manne a tafin hannu, a jira. Tsakanin tsere a ja guntun ragar waya da aka ɗora wa tsofaffin tayoyi a bayan babur, ana dawo da ƙasar da ta taru a waje zuwa ciki. In ba a yi haka ba layin ciki zai goge ya yi sulɓi, waje kuma ya tara tudu mai kama taya farat ɗaya.

A manyan gasanni katangar da ake hura wa iska ake sawa a kwana. A nan buhunan ɓuntun shinkafa, jeri biyu, suna aiki. Tsofaffin tayoyi tsirara haɗari ne, don matakin ƙafa yana maƙalewa a ciki ya juya babur. In dole sai da su, a ɗaure su a rufe fuskarsu da katako mai laushi. Igiyar 'yan kallo ta yi nesa da buhunan da akalla mita 6, kuma kada kowa ya tsaya a mafitar kwana, nan babur ke nufa idan ya kuɓuce. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, can za a ajiye jama'a ƙura ta bi ta ɗaya gefen.

Babura

Baburin 100cc zuwa 125cc mai kulocin hannu, irin su Bajaj Boxer, shi ne na koyo. A cire fitila, madubi, sigina, kariyar ɗaukar kaya da abin jingine babur. A kwance birkin gaba gaba ɗaya, domin yaron da ya tsorata a kwana shi zai damƙa, tayar gaba ta zame ya kifa. Birkin baya a bar shi da farko. Matakin ƙafar hagu a cire shi ko a sa mai naɗewa, na dama a ƙarfafa shi, a kansa nauyin mahayi yake. Mai walda ya yi wa sarƙa murfi, ya rufe bakin hannun babur da toshi don kada bututun ya huda cinya.

Abin da ba a sassauci a kansa shi ne makashin inji mai igiya: ƙaramin makunni a hannun dama da igiya ɗaure a wuyan hannun mahayi, da ya faɗi igiyar ta fizge, wuta ta ɗauke. A gwada shi gaban alƙali kafin kowane hawa. Totur kuma sai ya koma da kansa idan aka sake shi. Ƙurar hunturu tana shiga wayarsa ta sa shi maƙalewa, don haka a zare a wanke duk mako.

A zaɓi giya ɗaya, galibi ta biyu, a zauna a kanta. Idan inji yana kuka ya ƙure tun kafin tsakiyar miƙaƙƙiya, farantin haƙoran sarƙa na baya ya yi girma. Idan yana nishi a mafitar kwana, ya yi ƙanƙanta. Haƙori 14 a gaba da 42 a baya kashi 3 ke nan, 45 a baya ya zama 3.2. Haƙori biyu ko uku ake canzawa a lokaci guda, a rubuta. Iskar tayar baya a rage ta zuwa awo 15 ko 18. In aka yi ƙasa da haka taya takan juya a kan rim ta tsinke bakin tib.

Ƙura ita ce ajalin inji. Soson tace iska guda biyu ga kowane babur, a wanke, a shanya, a ɗan shafa mai, a canza a tsakiyar yini. Baƙin mai a juye bayan kowace gasa biyu. Fetur daga gidan mai, a tace da kyalle. Na 'yan bumburutu ba a san abin da aka gauraya ba. Bayan kowane hawa a bi wayoyin rim ana ƙwanƙwasawa da sifana, wadda ta yi ƙarar ɓas ta saki.

Kayan jiki: hular kwano mai rufe haɓa, daidai kan yaro, mai shaidar inganci ta ECE, gilashin ido, safar hannu, takalmi mai rufe ƙwauri, kariyar baya, gwiwa da gwiwar hannu. Hular leburori da wadda ta taɓa buguwa da ƙarfi ba sa shiga fili. Takalmin ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙafar hagu don ta zame a ƙasa, maƙeri ko mai walda zai yi shi da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3, a lanƙwasa gabansa sama.

Renon yara

A Foland doka ce kowace ƙungiyar babbar gasa ta sa matasa biyu 'yan ƙasa da shekara 21 a jerinta, har da tseren da aka keɓe musu. Bartosz Zmarzlik, wanda ya fara cin kofin duniya a 2019, ta wannan hanya ya taso a ƙungiyar garin Gorzów. FIM ma tsani ta yi na gasannin matasa: SGP4 a kan 190cc tun 2023, SGP3 a kan 250cc ga 'yan ƙasa da 16, SGP2 ga 'yan ƙasa da 21. Kulob ɗin Zariya ya yi nasa tsanin, amma gwaji ne zai riƙa ɗaga yaro, ba shekaru kaɗai ba.

Matakin farko ba gudu a ciki. Yaro shi kaɗai a fili, yana koyon tashi da kuloci ba tare da inji ya mutu ba, da tsayawa a kan layi, da sanin jar tuta, alamar a tsaya. Sharaɗin karɓarsa shi ne ƙafarsa ta taɓa ƙasa, kuma ya iya ɗaga baburin da kansa. Tun a nan ake koya masa kwantar da babur da gangan: a hankali, a kwana, ya karkata hagu ya saki babur ya zame gabansa. Babur marar birki ba shi da wata hanyar kauce wa wanda ya faɗi a gaba sai wannan. Sau goma a jere ba tare da gardama ba kafin ya wuce.

Mataki na biyu shi ne zamiya, kuma nan ne aikin yake. A fara a ƙaramar da'ira mai faɗin mita 12 a tsakiyar fili. Yaro ya matso gaba har cinyarsa ta dafe tanki, gwiwar hannun dama a sama, nauyi a kan ƙafar dama, ƙafar hagu a gaba tana shafar ƙasa kawai. Idonsa a mafitar kwana. Ya sassauta totur a mashiga, ya karkatar, sannan ya buɗe a hankali har baya ya fara fita. Kurakurai uku ne ke maimaituwa. Yaro ya zauna can baya, gaba ya yi sako-sako ya miƙe zuwa buhuna. Ko ya doka ƙafar hagu da ƙarfi ta koma baya, gwiwa ta murɗe. Mafi muni shi ne ya tsorata ya rufe totur gaba ɗaya ana tsakar zamiya: tayar baya ta kama ƙasa nan take, babur ya miƙe tsaye ya cilla shi ta dama. Karayar ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa da ta wuyan hannu galibi daga nan suke. Maganinsa a saba masa da rage totur kaɗan-kaɗan, kuma mai koyarwa ya riƙa sauraron inji, kunne yana jin rufewar kafin ido ya gani. Kowane hawa zagaye huɗu zuwa shida, a huta, a sha ruwa. Hawa shida a yini ya isa, don da hannu ya gaji koyo ya ƙare.

Mataki na uku su biyu, an tazarar da su rabin zagaye, daga baya a haɗa su a layi. Dokar da za a nanata: wanda ke gaba shi ke da layi, ba a yanko masa. Sai na huɗu, su huɗu a bakin igiya. Hula ja ita ce ta ciki, sai shuɗiya, fara, rawaya a waje. Marufin kyalle a kan hular kwano ya wadatar. Igiyar tashi ta roba za ta yi. Wanda ya taɓa ta kafin a saki, a manyan gasanni fitar da shi ake yi ko a mayar da shi baya; ga yara a mayar da shi mita 10. Birkin baya ba a cire shi sai yaro ya yi kaka guda cur bai taka shi ba, kuma a sa wani ya tsaya a mashigar kwana yana lura.

Matsin lamba daga iyaye yake zuwa. Uba zai ce, "Malam, yaron nan ai ya fi ƙarfin wannan, na sayo masa mai 200cc." Amsar ita ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ga littafinsa. In ya cika sharaɗi mu da kanmu za mu kira ka." Shi ya sa kowane yaro yake da shafi: kwanan wata, yawan hawa, lokacin zagaye huɗu, faɗuwa da dalilinta. Lokaci mafi sauri ba shi ake dubawa ba. Yaron da hawansa biyar ba su bambanta da fiye da daƙiƙa ɗaya ba ya fi shirin hawa gaba a kan wanda ya yi gudun mamaki sau ɗaya ya faɗi sau biyu. Samarin da suka saba wasan babur a biki sukan zo da ƙarfin hali da mugun sabo; daga matakin farko za su fara kamar kowa, kuma duk wanda aka gani yana wasa a titi a dakatar da shi karo biyu. Katin sakamakon makaranta ma a riƙa gani duk zango.

Ranar gasa

Tsarin mahaya 16 da tsere 20 da ake yi a manyan gasanni ya fi ƙarfin awa biyu. Ga wanda ya dace da yara 7: tsere na farko 1, 2, 3, 5, na biyu 2, 3, 4, 6, na uku 3, 4, 5, 7, na huɗu 4, 5, 6, 1, na biyar 5, 6, 7, 2, na shida 6, 7, 1, 3, na bakwai 7, 1, 2, 4. Lambar farko ita ce mai jar hula. Kowa zai hau sau huɗu, ya tashi daga kowane gurbi sau ɗaya, ya haɗu da kowane abokin hamayya sau biyu, maki mafi yawa 12. Tunda wasu za su hau a jere, a bar minti biyar tsakanin tsere, ko a saka tseren wani rukuni a tsakani.

Ma'aikata: alƙali ɗaya wanda ba ɗansa a ciki, mai sakin igiya, masu jar tuta biyu a kowace kwana, mai rubuta maki, bakanike, da ma'aikacin lafiya da motar da aka juya kanta ta kalli hanya, direba na kusa da makulli a hannu. In babu ma'aikacin lafiya ko motar, ba a tayar da inji. A san tun farko asibitin da za a nufa, ko na koyarwa da ke Shika ko wanda ya fi kusa, a kuma bi hanyar a auna mintocinta. Yaron da ya faɗi bai tashi ba, ba a ɗaga shi, ba a cire masa hula sai in numfashi ya toshe. Wanda ya bugu a kai, ya yi jiri ko amai ko ya manta abin da ya faru, ya gama hawa sai likita ya sallame shi. Karaya kuma hoto tukuna kafin maganar mai ɗori.

Kuɗi a kashe su bisa wannan jeri: ruwa, lafiya, kayan kariya, kayan gyara, fetur, kyauta a ƙarshe. A ɓoye kashi ɗaya cikin biyar don tankar gaggawa da injin da zai buga. Kyautar yara ta zama safar hannu, taya ko littattafai, ba tsabar kuɗi ba, kuma duk wanda aka kama yana caca a bakin igiya a fitar da shi.

Bayan karon ƙarshe a zauna da littafin kowane yaro tare da mahaifinsa a yanke matakin da zai fara da shi baɗi. A tsiyaye fetur daga tanki da kafireta, a cire fulogi a ɗiga baƙin mai a ramin, a ɗora baburan kan katako taya ba ta taɓa ƙasa. Buhunan ɓuntu a kwashe su kafin ruwan farko na Afrilu ko Mayu, in ba haka ba su ruɓe gara ta shiga. Turakun nan biyu na tsakiyar kwana kuwa a binne su da kankare daidai da ƙasa, a nuna wa mai gona inda suke don kada garma ta tone su, Oktoba mai zuwa daga kansu za a sake jan igiya.